Tana Tana Nan

Kafin danfo na farko ya yi tari a titin Ojo
na riga na duƙa a kan fangalina,
ni Sallau, mutumin Kura.
Shekara goma sha ɗaya ina noman alayyahu da ugu
a bayan wata doguwar katanga,
ƙasar aro, ruwan aro,
da ma'aikaciya ɗaya da ban taɓa biya ba.

Tana.
Sunanta ma aiki ne:
tana haƙa, tana ci, tana juyawa.
Iya Risikatu mai sarin ganye ekolo take ce mata,
in ta gan ta sai ta tattare zane ta yi baya,
alhali ita ke cika mata kwando.

Ba ta da ido, amma ta san rana ta fito,
fatarta ke gaya mata.
Ba ta da huhu, da fatar nan take shan iska,
ranar da ta bushe, ranar ce ajalinta.
Haƙori ko ɗaya babu.
Ƙundu gare ta irin na kaza, yashi ke mata niƙa.
Ta haɗiyi ruɓaɓɓen ganye da ɓawon rogo
ta fitar da su baƙi wuluk, lukui,
da safe in tarar da 'yan hasumiyoyi tsawon yatsa
a gindin kowane ugu.
Masu kuɗi na gina nasu a Ikoyi,
ita ma tana gina nata, sai dai nata saiwa ke ci.

Hajjo 'yata ta dawo daga makaranta da labari:
“Baba, wai abin da ke buga mata jini har guda goma ne,
kuma kowace ɗaya namiji ce, mace ce,
amma duk da haka sai biyu sun haɗu.”
Na ce ikon Allah.
Ta nuna mini ɗamarar da ke kusa da wuyanta,
ta nan take zare kwanson ƙwai kamar mai tuɓe zobe,
ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar dawa ba.

Na taɓa raba wata da fartanya.
Yara suka ce yanzu sun zama biyu.
Ba haka ba ne.
Wutsiya ta yi ta mutsu-mutsu har azahar, ta daina.
Kan ne kawai ya ja ciwonsa ya shige ƙasa.

In ruwan Yuli ya sauko
titi ya koma kogi, masu acaɓa na tura babura,
nawa fangalin sai ya shanye shiru
ta ƙananan ƙofofin da ta huda cikin dare.
Babu wanda ya ba ta kwangila.

Shekaranjiya wasu suka zo da igiyar awo da jan fenti.
An sayar.
Gobe tifa za ta juye yashin teku, a bi da siminti,
ga shi gishiri wuta ne a jikinta.
Ban yi musu ba. Mai aro ba ya musu.

Amma bayan isha na kunna fitilar waya
na yi ta tono da hannu, ba da fartanya ba,
na cika bokitin fenti biyu da baƙar ƙasa mai motsi,
na rufe da ɗanyen ganyen ayaba.
An ce akwai fili wajen Badagiri.

Kwandasta ya ɗaga bokiti ya ji nauyi:
“Malam, mene ne a ciki?”
Na ce ma'aikatana ne.
Bai yi dariya ba, ya caje ni kuɗin kujera ɗaya.

Mota na tsalle a ramukan hanya,
Hajjo ta ɗaga gefen ganye ta leƙa.
Na ce, “Tana nan?”
Ta ce, “Tana nan, Baba.
Har ta fara.”